Ɗaure Ido Ba Shi Ne Makanta Ba

Jama'a, yau zancena ga malaman makaranta yake. Waɗansu sukan ɗaure wa yara ido da ƙyalle, wai su ɗanɗani makanta. A Kongolam, inda manyan motoci ke ƙetarawa zuwa Damagaram, wannan ganganci ne. Cikin 2015 ma masu bincike a Amurka sun tarar wanda aka ɗaure wa ido yakan ƙara raina iyawar makafi.

A ganina gara malam ya roƙi Sarkin Makafi ya turo makaho ya bayyana wa yara yadda yake gane hanya da sanda da kunne. Sa'an nan yaro ya yi masa jagora cikin filin makaranta, makaho na riƙe da hannunsa, yaro yana faɗin rami tun ba a iske shi ba.