FILIN ƘANNENA: Labarin Albasa



Wasiƙar da ta tsaya mini a rai wannan watan daga Maiyama ta zo. Wata 'yar aji uku ta ce malaminsu ya kama ta tana rubuta labari a bayan littafin lissafi, ya yage gaban 'yan aji, ya ce, "Wanga shirme ne." Wallahi sai da na yi ƙwalla, don ni ma an yi mini haka.

Malamarmu ta Hausa ce ta share mini hawaye. Wata rana ta hana mu kwafar allo, ta ce, "Yau kowacce albasa ce, an loda ku a mota daga Aliyaro za a kai ku Legas. Ku ba ni labarin tafiyar." Muka fashe da dariya. Amma wata yarinya da ko hannu ba ta ɗagawa a aji ta rubuta cewa an tumɓuke ta ba ta ƙosa ba, an yi cinikinta ba a tambaye ta ba. Aji ya yi tsit, don mun san an sa mata rana. Malama ta je har gida ta ga mahaifinta, aka ɗaga bikin sai da ta gama makaranta.

Kun gani ko? Abin da baki ya kasa faɗa, alƙalami ya faɗa.

Malamai, don Allah a duba. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙe ta karantar da mata, jajinta na kai wa 'yan taru har ƙauyuka. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. A 2016 kuma BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata don mata zalla. Ina za mu samu masu shiga in ana yage musu takardu? A ware ko darasi ɗaya a mako, yara su ƙago nasu.

Ke kuma ƙanwata, lokacin lissafi na lissafi ne, kar ki sake. Ki sayi littafi daban, ki sake rubuta labarin nan, ki aiko mini. Ina jira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya so.

Taku har kullum,
Antinku