Raddi ga Masu Cewa Ƙuri'a ce ta Haifi Hitler

Akwai wata magana da ke yawo a Yamai, daga fadar samari masu shayi har zauren 'yan boko. Masu ita suna cewa Jamus ta gwada dimokuraɗiyya bayan yaƙin duniya na farko, jam'iyyu suka ɓige da cacar baki, talaka ya ji yunwa ya fusata, ya jefa wa Hitler ƙuri'a. Don haka, in ji su, ƙasar da ke cikin ƙunci ba majalisa take buƙata ba, namiji ɗaya mai ƙarfi take buƙata, tun kafin wani mahaukaci ya ɓullo ta akwatin zaɓe. Da yawa daga masu faɗar haka mutanen kirki ne da halin ƙasa ya dama. Sai dai tarihin da suka jingina da shi bai goyi bayansu ba.

Sun ce jama'a ce ta zaɓe shi. To, a wane zaɓe? A 1928 jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujeru 12 kacal. A Afrilun 1932 Hitler ya nemi shugabancin ƙasa, tsoho Hindenburg, shugaba mai ci, ya kayar da shi. Ƙololuwar abin da ya taɓa samu a zaɓe mai 'yanci shi ne kashi 37 a Yulin 1932, kuma a Nuwamba ya zube zuwa kashi 33, ya rasa ƙuri'u kusan miliyan biyu. Wato farin jininsa na raguwa ne aka ɗauko shi. Ranar 30 ga Janairun 1933 Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati, bayan ƙulle-ƙullen da Franz von Papen da wasu na kusa da fada suka yi a ɗaki. Lissafinsu shi ne su ci moriyar magoya bayansa su kuma riƙe linzaminsa, shi ya sa ministocin Nazi biyu kawai aka sa masa, Papen ya zama mataimaki. Kura suka ba ajiyar nama. Ko a zaɓen 5 ga Maris na 1933, da aka yi 'yan adawa na tsare, 'yan bangarsa na sintiri a titi, kashi 43.9 ya samu.

Sun ce yunwa ce. A nan suna da rabin gaskiya, kuma ba zan hana su ita ba. Marasa aiki sun kai miliyan shida a farkon 1932, kuma da wannan baƙin ciki Nazi suka yi kiwo. Amma masifar kuɗi ta 1923, lokacin da dala ɗaya ta kai mak (kuɗin Jamus) tiriliyan 4.2, ma'aikaci na karɓar albashi ya ruga kasuwa kafin farashin burodi ya sake tashi, ba ta kayar da jamhuriyar ba. A wannan shekarar Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich ya sha ƙasa. Abin da ya cece shi alƙalai ne: suka yanke masa shekara biyar, ya yi kusan wata tara ya fito. Amurka ma ta sha durƙushewar tattalin arziki ta 1929, amma a 1933 Roosevelt ta rantsar, majalisarta na aiki.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce majalisa ta gaza, don haka dole a tsallake ta. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da aka yi a Jamus, kuma shi ya share wa Hitler hanya. Tsarin mulkin jamhuriyar, na Weimar na 1919, yana da aya ta 48, wadda ta ba shugaban ƙasa ikon kafa doka shi kaɗai idan an shiga halin gaggawa. Daga Maris na 1930, da gwamnatin Hermann Müller ta faɗi, sai magajinsa Brüning ya mai da wannan aya hanyar mulki ta yau da kullum, yana rage albashi yana ƙara haraji ba da yardar wakilai ba. Majalisar da ta zauna kwana 94 a 1930, kwana 13 ta zauna a 1932. A Yulin wannan shekara Papen, lokacin yana shugaban gwamnati, ya yi amfani da ayar ya tuɓe gwamnatin jihar Prussia, wadda ke riƙe da rundunar 'yan sanda mafi girma a ƙasar. Kusan shekara uku Jamusawa suna sabawa da mulkin sa hannun mutum ɗaya. Da ginin majalisa ya kama da wuta ranar 27 ga Fabrairun 1933, washegari da wannan aya aka soke 'yancin magana da na taro. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa ikonta da ƙuri'a 444, wakilai 94 na jam'iyyar adawa ta Otto Wels kaɗai suka ƙi, 'yan kwaminis 81 kuwa an hana su zama.

Mu a Nijar bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Ba ina kwatanta kowa cikin shugabanninmu da Hitler ba ne. Babu wanda ya kafa aƙidar ƙabilanci irin tasa, kuma zalunci ne a ce haka. Hanyar nake nunawa. Bayan Taron Ƙasa na 1991, zaman doya da manja tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou ya tsayar da aikin gwamnati a 1995, ga albashi ba ya zuwa kan kari. Da Ibrahim Bare Mainasara ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairun 1996, hujjar ita ce 'yan siyasa sun gaza. A Yuli, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u, ya rushe hukumar zaɓe. Ranar 9 ga Afrilun 1999 aka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. A 2009, lokacin tazarce, shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisa a Mayu. Da kotun tsarin mulki ƙarƙashin Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba-gardamar da ya shirya ta saɓa doka, sai ya ɗauko aya ta 53 ta ikon gaggawa, ya rushe kotun ita ma. Wata shida da 'yan kwanaki bayan ƙuri'ar 4 ga Agusta, sojojin Salou Djibo suka shiga fada. Sau biyu an tsallake majalisa da alƙalai da sunan ceton ƙasa, sau biyu bindiga ce ta yanke hukunci.

Saura masu cewa ai ko ba komai Hitler ya samar da aiki ya gina hanyoyi. Aikin na ƙera makamai ne da bashi, bayan ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago ranar 2 ga Mayun 1933 ya haramta sauran jam'iyyu a Yuli. Abin da aka girba shi ne kisan Yahudawa miliyan shida da yaƙin da ya bar Jamus kufai, aka raba ta tsakanin ƙasashe huɗu a 1945. Su kuwa manyan da suka yi zaton za su juya shi, ba su jira har lokacin ba. Ranar 30 ga Yunin 1934 'yan bindigarsa suka shiga gidan Janar Schleicher, shugaban gwamnatin da ya gada, suka harbe shi da matarsa. Na kusa da Papen biyu ma aka kashe su, shi kansa aka yi masa ɗaurin talala a gidansa.