Ƙorafi kan masu karɓar kuɗi da sunan jinyar tsofaffi

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa, Dutse,
ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Jahun.

Ranka ya daɗe,

Ni ɗan Aujara ne, neman abinci ya ajiye ni a Kano. Bara hawan jini ya kayar da mahaifiyata, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙannena mata suna ɗakunan aure, ɗaya a Kiyawa ɗaya a Miga, matata kuma da goyo. Sai aka haɗa ni da wani kamfani a Dutse mai tura masu jinya gida, a biya shi wata-wata. Na biya kuɗin wata uku a dunƙule, rasit ɗin yana hannuna.

Yarinyar da suka kawo ko ashirin ba ta kai ba, ba ta taɓa ɗaga majinyaci ba. Ba na ganin laifinta. Da bakinta ta ce abin da suke ba ta bai kai sulusin abin da nake biya ba, shi ma sai ta yi ta kira. Babu wanda ya koya mata cewa wanda ke kwance ana juya shi duk bayan awa biyu. Ranar da na zo na ɗaga zanen Inna, na tarar da gyambo a ƙugunta, faɗinsa ya kai murfin kofi, yana ruwa, katifa ta jiƙe da fitsari har ta yi baƙi. Inna ba ta iya magana sosai. Hannuna kawai ta riƙe. Sati uku muka yi a Babban Asibitin Jahun ana wanke ciwon.

Da na je ofishinsu, shago ɗaya ne da teburi, suka ce yarjejeniya ce, ba a mayar da kuɗi. Na tambaye su wace hukuma ta ba su izini, suka nuna mini takardar rajistar kamfani, irin wadda mai sayar da siminti ma yake da ita.

Ranka ya daɗe, mai kemis sai da lasisi, asibitin kuɗi sai an duba shi. Waɗannan fa, da ake damƙa musu iyayen mutane, a ƙarƙashin wa suke? Jihar da a 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara ba naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata, ta san darajar mai rauni. Tarayya ma ta kafa cibiyar kula da tsofaffi a Abuja bisa dokar 2017, sai dai Abuja ta yi wa Aujara nisa.

Roƙona, ma'aikatarku ta yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista, ta hana su tura wanda bai sami horo ba, kuma ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su riƙa leƙa gidajen da suke aiki. A sa su biya ni kuɗin asibiti, a biya yarinyar nan haƙƙinta. Sunan kamfanin da hotunan ciwon zan kawo duk ranar da aka neme ni.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
wani ɗan Aujara, Ƙaramar Hukumar Jahun.