Shaidar Tsofaffin Basunda

Duk wanda ya bar birnin Gadarif ya nufi kudu maso gabas, a kan hanyar da ta ratsa Doka ta dangana da Gallabat, idan tafiyarsa ta dace da ƙarshen damina, sa'ad da ake yankan riɗi, dawa kuma ta fid da kai ta rufe baƙar laka iyakar ganin ido, yana iya zaton cewa haka Allah Ya shimfiɗa ƙasar nan tun fil'azal, gona na bin gona, ba tare da wani ya zubar da gumi a kanta ba. Alhali kuwa a ƙauyukan Basunda, waɗanda suka jingina da iyakar Habasha, har yau akwai tsofaffin da za su ɗaga sanda su nuna maka inda dajin ƙaya ya tsaya a zamanin ƙuruciyarsu, su faɗa maka wanda ya fara sa masa gatari, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da gawar da aka fara binnewa a maƙabartar gari, da limamin da ya sallace ta. Wannan ilmi babu shi a littafi, babu shi a ofishin hukuma. A ƙirjin mutane yake, mutanen kuwa ajali yana ɗibarsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so in faɗa a wannan mako shi ne, mun daɗe muna ɗaukar labarin tsofaffinmu hirar dare, alhali shi ne hujja mafi ƙarfi da Bahaushen gabashin Sudan ya mallaka a kan ƙasar da yake zaune.

Zaman mutanen yamma a wannan lungu ya girmi mulkin Ingilishi, ya girmi na Mahadiyya. Garin Gallabat, maƙwabcin Basunda, Takarir ne suka raya shi, wato alhazan da suka sauke farali suka juyo, suka tarar da ƙasa mai albarka da kasuwa a bakin tsaunukan Habasha, suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba. Suna da shaihunansu masu mulki, irin su Shaihu Miri a zamanin Turkawa, da Shaihu Juma wanda Baturen nan Samuel Baker ya tarar a 1862, da Salihu Shanga wanda ya ƙi bin Mahadiyya. A ƙofar garin nan ne kuma, cikin watan Maris na 1889, rundunar Mahadiyya ƙarƙashin Zaki Tamal ta kara da ta Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu, sarkin ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Sai dai adalci ya wajabta in faɗi abin da wasu samarinmu ba sa son ji: galibin waɗancan Takarir na farko mutanen Darfur ne da Wadai, kuma ko da yake sunan ya game mu da su a bakin Larabawa, bai halatta mu ɗauke tarihinsu ɗungurungum mu rubuta sunanmu a kai ba.

Namu babban zuwan ya biyo bayan faɗuwar daular Sakkwato ne. Maganar hijira zuwa gabas ta daɗe tana yawo a ƙasar Hausa, har sai da Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacinta bai yi ba tukuna. Da Nasara suka ci Kano da Sakkwato a 1903, jama'a suka ga lokacin ya yi. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nilul Azraƙ, kusa da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. A shekarar ta 1903 ɗin dai ce wani hafsan Ingilishi, Manjo Gwynn, yake bin dajin nan namu yana kafa alamun iyaka tsakanin Sudan da Habasha, iyakar da manoman Fashaga da Basunda suke shan wahalarta har gobe.

Amma kada a ruɗi kai, ba kowane gida ne ya taso tare da Attahiru ba, ko da yake a yau da wuya ka tambayi saurayi asalinsa bai jingina kakansa da Burmi ba. Mafi yawan kakanninmu talakawa ne masu niyyar Hajji, waɗanda suka taso a ƙasa da jaki da buta da allo, suna tafe suna ƙwadago, wani ya yi shekara a zango guda kafin ya tara guzurin zango na gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, da aka soma noman inji a Gadambaliya wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kowanne daga cikin waɗannan ya buƙaci hannun da zai yi noma da yanka da ɗauka, hannun kuwa sau da yawa na alhajin da guzurinsa ya ƙare ne. Daga cikinsu ne wasu suka gaji da aikin lada, suka nausa kudu inda daji yake, bakin Rahad da Atbara da ƙoramun da ke gangarowa daga Habasha, suka nemi izinin masu ƙasa, suka sare, suka shuka. Ni ban ga abin kunya a wannan nasaba ba. Mutumin da ya taka daga Katsina zuwa Basunda domin neman Ɗakin Allah, yana ci da guminsa a hanya, ba ya buƙatar a ƙara masa sarautar da bai yi ba.

Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma tana jero zangunan da iyayenta suka sauka kamar mai jan carbi, ba ta gabatar da na baya, ba ta jinkirta na gaba: Yarwa, Fallomi, Abashe, Adre, Jinena, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sinnar, Gadarif. A kowane zango tana da labari, inda aka haifi yayanta, inda agana ta ɗauke ƙanwar uwarta, inda ubanta ya yi damina biyu yana yi wa wani Balarabe noma. Idan kuwa aka tambaye ta ko su mutanen ina ne, amsarta ɗaya ce har ta koma ga Mahaliccinta: «Mu muna hanya ne, ɗana.» Ta faɗi haka tana zaune a inuwar bishiyar da mijinta ya dasa, tana iya hango kabarin mahaifinta daga ƙofar gida, jikokinta kuma suna amsa mata da Larabci. Da zuciya ɗaya take faɗa, domin a wurinta zama da niyyar tafiya ibada ne, kuma akwai gidaje da yawa irin namu da suka daɗe ba su yarda sun yi ginin dindindin ba, don kada ya zama sun warware niyyar da suka taso da ita.

Wannan tawali'u, wanda nake girmamawa ƙwarai, shi aka juya ya zama makami a kanmu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa kakannin mutum na wajen uba su kasance mazauna Sudan tun 31 ga Disamba 1897, wato shekara biyar da 'yan watanni kafin Burmi, sai ga jama'ar da aka haifa a ƙasar, aka haifi iyayensu a ƙasar, sun wayi gari baƙi a idon doka. Daga baya an sassauta wa'adin zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta tsayar da shi a ranar 1 ga Janairu 1956, amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa neman takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ya san tambayoyin da ake jefa masa: wane ne kakanka, a ina aka haife shi, wa zai shaida? A nan ne labarin tsohuwa yake zama bayyina, idan akwai wanda ya riƙe shi da sunaye da wurare. Idan babu, sai yaro ya tsaya yana inda-inda a gaban jami'in da ya riga ya yanke hukunci daga jin lafazinsa.

Haka al'amarin yake a sha'anin gona, har ma ya fi tsanani. A 1970 gwamnatin Numairi ta kafa dokar da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar hukuma, ƙananan gonakin da muke kira bildat kuwa ba a san su da takarda ba, da shaidar shaihun hilla, wato mai unguwa, da maƙwabta aka san su. Attajirin da ya zo daga birni da izinin mashru'i, wato babbar gonar inji mai faɗin fadan dubu, yana riƙe da taswira mai hatimi. Manomin da kakansa ya tumɓuke kututturen wurin ba shi da komai sai bakin dattawa. Kuma ba mu manta da 2008 ba, lokacin da wata jarida ta Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na wancan zamani maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, fadarsa ta musanta, amma kafin ƙura ta lafa an zubar da jini a titunan Gadarif. Rikicin Yulin 2022 a jihar Nilul Azraƙ ya fi muni nesa ba kusa ba, tushensa kuma shi ne tambayar ko Bahaushe yana da haƙƙin ƙasa da sarautar gargajiya a inda aka haife shi.

Na san mai hankali zai ce da ni: ai irin wannan tone-tonen na wa ya riga wa zuwa shi ne ainihin abin da ya hura wutar Nilul Azraƙ, me ya sa kake so a kawo shi Basunda, inda mutane suke cuɗanya a kasuwa da masallaci lami lafiya? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce, fitina tana fitowa ne daga tarihin ƙabila, wanda kowa yake tsara shi shi kaɗai a zaurensa, ya cire maƙwabcinsa daga ciki. Abin da nake kira a rubuta tarihin unguwa ne, shi kuwa ba ya yiwuwa sai da maƙwabci. Tsohon da zai ba ka labarin rijiyar hillarsu da gaskiya tilas ya ambaci umdan da ya ba da wuri, da Bamasalacen da suka haƙa tare, da Bafullatanin da ya shayar da garkensa a nan kafin a yi gari, da Bahabashen da yake tsallakowa yankan riɗi kowace kaka, da daren da 'yan shifta suka kore shanun gari aka fita bin sawu ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba. Zai ambaci shekarar yunwa ta 1984 da mutanen Darfur suka ƙaru, da shekarun da cutar kala'azar ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukan bakin kogi ba ta zaɓen harshe. Wanda ya san waɗannan abubuwa dalla-dalla yana da wuya ɗan siyasa ya zo daga nesa ya gamsar da shi cewa maƙwabcinsa baƙo ne.

Hanyar rubutawar ma ba sai mun aro ta daga ko'ina ba, domin malamanmu sun gaje ta daga ma'abota hadisi: a rubuta matani, a rubuta isnadi. Wance ta ce ta ji daga mahaifinta, wanda ya halarci abin da idonsa. Wane ya ce ya ji daga wane, amma shi bai riski zamanin ba. Inda ruwaya biyu suka saɓa a ajiye su duka, kada marubuci ya zaɓi wadda ta fi yi wa gidansu daɗi. Inda tsoho bai san shekara ba a ɗaure labarin da abin da aka sani, a ce kafin Taliya su kama Gallabat a 1940 ko bayansa, kafin jirgi ya iso Gadarif ko bayansa, sai lissafi ya fito da kansa. A fara kuma da mata, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wa aka binne a ina, maza kuwa sau da yawa labarin sarauta da shari'a kaɗai suke riƙewa. Shaihin malami Al-Amin Abu Manga, ɗan garin Mai Wurno, ya yi wa harshen Hausa da Fulfulde na Sudan hidimar da ta cancanci godiya, amma malami ɗaya ba zai zaga kowace hilla ba. Wannan aikin ɗaliban sakandare ne da alarammomin halwa, wato makarantun allo, da boko ko da ajami ko da Larabci, ko ma da muryar da aka naɗa a waya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa maganar gaggawa ta fuska biyu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana Khartum ne, birnin da yaƙin ya mayar fagen fama, abin da ya isa ya koya mana kada a tara amana a wuri guda. Don haka kowane kundi a yi shi biyu, ɗaya a hannun limamin gari, ɗaya a kai Jami'ar Gadarif. Sannan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024 ta koro dubban mutane zuwa jihar nan, cikinsu har da 'yan'uwanmu na Jazira da Sinnar, kamar yadda mutanen Kimant suka tsallako daga Habasha zuwa ƙauyen Taya na Basunda a 2021. Wasunsu sun koma, wasu za su koma, wasu kuwa sun riga sun binne iyayensu a maƙabartunmu, suna kuma cewa su ma na ɗan lokaci suka zo. Su ma a buɗe musu shafi a kundin, a rubuta sunan garin da suka baro, da watan da suka iso, da gidan da ya sauke su, da gonar da aka ara musu, tun masu shaida suna raye, domin jikokinsu za su tsaya wata rana a gaban jami'i ana tambayarsu wane ne kakansu.