Darasin Layin Kano Zuwa Nguru Ga Ƙasar Katagum

A shekarar 1911 ne layin dogo daga kudu ya iso birnin Kano, kuma a 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230. Layin ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Turawan mulkin mallaka sun gina shi ne domin kwashe gyaɗa da fatu zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, amma amfaninsa ya zarce abin da suka nufa. Duk inda aka kafa tasha, kasuwa ta tsiro, 'yan kamasho da masu awo suka tare, ƙauye ya zama gari. Malam Madori, wadda ta zama ƙofar Haɗejiya ta jirgin ƙasa, shaida ce a kan haka.

Ƙasar Katagum kuwa ba ta samu wannan rabo ba. Layin Nguru ya bi ta arewa da ita. Layin Borno, wanda ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, da Maiduguri a 1964, ya bi ta kudu. Azare da Dambam suka tsinci kansu a tsakani, sai dai su dogara ga manyan motoci a kan hanyar Kano zuwa Potiskum. Har yau kuɗin mota ne ke cinye kaso mai yawa na ribar mai hatsi da mai dabbobi a wannan yanki, musamman bayan janye tallafin man fetur a 2023.

Yanzu wata dama ta samu. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, tare da reshe daga Kano zuwa Dutse. Daga Dutse zuwa Azare ba wata tazara ba ce, kuma daga Azare hanya ta miƙe ta Dambam zuwa Potiskum, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma take.

Sai dai tarihin layin Nguru ya nuna cewa shimfiɗa ƙarfe kaɗai ba ya raya ƙasa. Abin da ya raya garuruwan nan shi ne jirgin da ke tsayawa a ƙananan tashoshi, wanda ɗan tireda zai hau da safe ya sari kaya a birni ya komo gida. Jihar Legas ta fahimci haka, domin a 2024 ta buɗe jirgin fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo a kan hanyar da layin Hukumar Jiragen Ƙasa ke bi.

Saboda haka ya kamata 'yan kasuwar Katagum da ƙungiyoyinsu, tare da wakilansu a majalisar tarayya, su nemi abubuwa biyu tun yanzu: a sanya Azare da Dambam da Potiskum cikin tsarin faɗaɗa reshen Dutse, sannan a tanadi ƙananan tashoshi kusa da kasuwanni, da jirgi mai sauƙin kuɗi safe da yamma. Tun ran gini ake yin zane. Idan aka bari aka gama zana taswira ba tare da su ba, to wannan zai zama karo na uku da jirgi ya bar ƙasar Katagum a baya.