Wuƙar Mutanen Ƙanƙara A Dajin Jajimaji

Jama'a, a wannan mako zancenmu na wuƙa ne. Abin da ya jawo shi kuwa, kwanan baya na yada zango a Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, a kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa, inda na tarar da wani saurayi ɗan farauta yana ta cika baki da wata 'yar wuƙa da wansa ya aiko masa daga Turai. Wani dattijo maharbi ya karɓa, ya jujjuya ta, ya gwada a farce, ya ce kaifi kam akwai, amma a bari ta gamu da ƙashi tukuna.

Sunan wuƙar Mora, watau sunan wani gari ne a ƙasar Suwidin inda aka kafa masana'antar wuƙaƙe tun 1891. Maƙwabtansu na Finlan suna da irinta, suna kiranta puukko. Tsawon ƙarfenta bai cika wuce inci 4 ba, kaurinsa milimita 2 zuwa 3. Ba ta da ado ko kaɗan.

Asirinta duka yana bakinta. Yawancin wuƙaƙen kanti ana sirance su, sa'an nan a yi musu wani ɗan siririn kaifi can a ƙarshe, wanda in ya dakushe sai gwani ke iya komo da shi. Ita kuwa wannan, gangara guda ce mai faɗi a kowane gefe, ta sauko ɗoɗar har baki. In za ka wasa ta, sai ka kwantar da gangarar nan a kan dutse ka yi ta gogawa, ita da kanta za ta nuna maka yadda za ka riƙe. Ko yaro ya ga an yi sau ɗaya zai iya. Ga mutumin da zai kwana biyu a daji, nesa da maƙera, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma mai karatu ya tuna ko su wane ne suka ƙago ta. Mutane ne na kurmi da ƙanƙara, masu itace mai taushi, aikinsu feraye da sassaƙa da gyaran kifi. Saboda haka in turke za ka fiƙe, ko sandar tarko, ko ka tsaga kaba ka yi igiya, ko ka gyara tarwaɗar da aka kamo a fadamar Nguru, da wuya ka sami wadda ta fi ta. Zomo da zabon daji kuma ba za su ba ta wahala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne busasshen icen aduwa da ƙashin babbar dabba. Bakin nan siriri ne, in ka murɗa shi cikin gaɓa ko ka sari ƙashi da shi, sai ya yi giɓi, gyaransa kuwa sai an cinye gangarar duka a kan dutse. Wajen fiɗa ma, yawan cizonta yakan sa ta huda fata in hannu bai saba ba, baduku kuwa ba ya sayen fata mai huji da daraja. Aikin adda da gatari a bar wa adda da gatari.

Wanda zai saya ya duba abu biyu. Ƙarfenta iri biyu ne: akwai baƙi mai saurin kaifi, mai saurin tsatsa, akwai fari wanda ba ya tsatsa da wuri. Mai yawon tudu da rani baƙin ya ishe shi, muddin zai goge jini ya shafa ɗan man gyaɗa. Masunci kuwa ya nemi farin. Na biyu ƙota: ta gargajiyarsu ba ta da abin tare yatsa, in jini ko santsin kifi ya jiƙa ta, hannu na iya zamewa kan kaifi, asibiti kuwa ba kusa yake da mai farauta ba. A nemi mai 'yar tokara, a kuma tabbata kuben yana riƙe ta ƙam.

Ni dai abin da na ce wa saurayin nan, kada ya raina maƙerin garinsu. Ƙarfen sifirin ɗin mota da maƙeranmu ke aiki da shi ƙarfe ne nagari. Ya kai masa wannan ya gani, ya roƙe shi ya ƙera masa mai gangara guda, ya ɗan ƙara mata kauri saboda icenmu, kana baduku ya ɗinka kube. Dattijon ya yi dariya, ya ce duk wadda ya riƙe, ya dai kiyayi Dagona da ita, don wurin yana cikin gandun dajin Gwamnatin Tarayya, farauta a can laifi ce.