Mai ya samu bututunsa, shinkafa da albasa na jiran ayari

A ƙiyasin Bankin Duniya, tattalin arzikin Nijar ya bunƙasa da kashi 8.4 cikin 100 a shekarar 2024, bayan kashi 2 kacal da aka samu a 2023. A cikin wannan shekarar kuma hauhawar farashin kaya ta kai kimanin kashi 9 cikin 100, abin da aka daɗe ba a gani ba a ƙasar. Magidancin da ke sayen shinkafa da tiya a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram zai iya tambaya: wane ne gaskiya a cikin alƙaluman biyu? Duka biyun gaskiya ne, kuma hanya na da babban hannu a cikin kowanensu. Kaya guda ɗaya ya samu hanyar da ba ta tsayawa a shinge, sauran kuwa tafiyarsu ta ƙara tsawo da tsada.

Wancan kaya ɗaya shi ne ɗanyen mai. Bututun da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, an kuma tsara shi don fitar da ganga dubu 90 a rana. Jirgin ruwan farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. An samu tangarɗa bayan haka, da saɓanin da ya ɓarke tsakanin Yamai da Kotonu, da harin da aka kai wa bututun a watan Yuni, amma daga baya mai ya ci gaba da kwarara. Shi ne, tare da damina mai kyau, ya ɗaga alƙaluman bunƙasar. Sai dai bututu ba ya ɗaukar buhun shinkafa, ba ya ɗaukar magani ko ƙarfen gini, kuma mutanen da yake ba aiki kaɗan ne idan aka kwatanta da masu rayuwa da noma, kiwo da saye da sayarwa. Su arzikinsu a bayan babbar mota yake tafiya.

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku suna sauka ne a tashar Kotonu, su bi ta Paraku da Malanbil, su haye gadar Kwara zuwa Gaya. Daga Kotonu zuwa Yamai kilomita dubu ne da 'yan kai. Takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli ya toshe wannan hanya a dare ɗaya. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, Benin ma ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Nijar suka bar gadar a rufe, suna masu cewa akwai sansanonin da ake shirya wa ƙasar maƙarƙashiya a cikin Benin, zargin da Kotonu ta musanta. Batun tsaro ba abin wasa ba ne, kuma masu mulki ne ke da alhakin auna shi. Abin da ya rage ga sauran jama'a shi ne su san kuɗin da matakin ke ci, tunda daga aljihunsu yake fita.

Hanyar da hukuma ta zaɓa a madadi ita ce ta Lome. Tashar Lome mai zurfi ce, manyan jiragen ruwa na shiga ba wahala, matsalar na farawa ne bayan an bar Togo. Gajeriyar hanyar da ke bi ta Fada Ngurma da Kancari ta faɗa Torodi ta zama ta haɗari saboda 'yan bindiga, don haka motoci ke zagayawa ta Kaya, Dori da Tera. Wannan zagaye ya fi hanyar Kotonu da ɗaruruwan kilomita, kuma ba a bin sa sai cikin ayari da rakiyar soja. Mota kan yi makonni a tsaye tana jiran ayari ya cika a kuma samu masu rakiya. An sha kai wa ayarin hari, an ƙona motoci, direbobi da yaran mota sun rasa rayukansu.

Nisan kansa ba shi ne babban abin da ke cin kuɗi ba. Ƙarin kilomita ƙarin gazuwal ne, ana iya lissafa shi a ɗora a kan farashi. Abin da ke karya ɗan kasuwa shi ne rashin sanin ranar isowar kaya. A ce mai mota yana yin sawu biyu ko uku a wata, yanzu sawu ɗaya ke cinye masa watan ko fiye. Albashin direba, inshora da bashin da ya ci ya sayi motar ba su ragu ba, dole ya tattara su duka ya aza wa sawun guda. Kamfanin jiragen ruwa kuma yana ba da kwantena ne na 'yan kwanaki kyauta, daga nan sai tara ta fara hawa kullum har a maido da ita. Shi ko mai kayan, kuɗinsa na kwance a kan hanya, bankin da ya ba shi rance kuma bai daina ƙirga riba ba. Babban alhaji mai jari yana iya cika sito da kayan wata shida ya jira. Ƙaramin ɗan kasuwa, irin matashin da ɗan'uwansa ya turo wa jari daga Aljeriya, Gana ko Turai, ba ya da wannan ƙarfin. Ta haka jinkirin hanya ke rage yawan masu shigo da kaya, kuma idan suka yi kaɗan, su ke yanka farashi.

Mazauna gabas su ne a ƙarshen layi. Kayan da suka iso Yamai ta Tera suna da sauran kilomita sama da 600 kafin Maraɗi, kusan 900 kafin Damagaram, balle Difa. A da, motar Kotonu na karkata gabas tun daga Doso, ba ta ma shiga Yamai.

Wajen fitar da kaya abin ya fi muni, domin wasu kayan ba sa jira. Albasar Galmi da ta sauran garuruwan jihar Tawa tana cikin manyan abubuwan da Nijar ke sayarwa a waje, kasuwannin Ankara, Kumasi da Abijan sun dogara da ita. A watan Agustan 2023 motocin albasa da dama sun maƙale a iyaka, kaya suka ruɓe a cikin buhu. Tun daga lokacin masu fatauci ke zagayawa ta Najeriya ko Burkina Faso, ko su sauke a bakin kogi a haye da kwale-kwale a sake lodi a wancan ƙetaren. Kowane saukewa da ɗorawa asara ce, kuma mai saye a Ankara ba zai biya ta duka ba, saboda yana da zaɓin albasar Najeriya ko ta Turai. Ragowar sai ta dawo kan manomi a matsayin farashi mai rauni a bakin gona. Uraniyom ma, da ke bin hanyar Kotonu shekaru da dama, ya taru a Arlit, har kamfanin Orano ya sanar da dakatar da aikin Somaïr a ƙarshen Oktoban 2024, kafin gwamnati ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Rikicin na siyasa ne, amma tambayar ta wace hanya za a kai kayan teku tana nan ko wane ne mai shi.

Kuskure ne a ɗauka cewa ranar da aka kawar da kwantenonin da suka tare gadar Gaya komai ya gyaru. Tun 2007 Bankin Duniya ke fitar da wani ma'auni na ingancin jigilar kaya, inda masu sana'ar fiton kaya ke ba ƙasashe maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa shida: aikin duwan, hanyoyi da tashoshi, sauƙin samun jigila mai rahusa, ƙwarewar masu aikin, iya bin sawun kaya, da isowa a kan lokaci. A fitowar 2018, shekara biyar kafin takunkumi, Nijar ta zo ta 157 cikin ƙasashe 160. Benin na ta 76, Burkina Faso ta 91, Najeriya ta 110. Ma'aunin ra'ayin masu sana'a ne, ba awon ma'aikata da agogo ba, kuma matsayin ƙasa na iya tsalle daga fitowa zuwa fitowa. Duk da haka masu jiragen ruwa da masu zuba jari suna duba shi. Abin lura kuma shi ne Ruwanda, wadda ita ma ba ta da teku, ta zo ta 57 a wannan shekarar. Kigali ta fi Yamai nisa da tashar ruwa, amma bayan ƙasashen gabashin Afirka sun haɗe aikin duwan ɗinsu a 2014 sun kuma rage shingaye, tafiyar kaya daga Mombasa ta sauko daga kusan mako uku zuwa kimanin mako guda. Ba a matso da teku ba, takardu da tsaye-tsaye aka rage.

Wani ɓangare na ciwon na cikin gida ne. Tsohuwar yarjejeniyar rabon kaya ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na kayan da ke sauka a tashar ruwa, motocin ƙasar da tashar take su ɗauki ɗaya, sannan ana lodi bisa layi. Manufar kare masu motocin gida ce, kuma ta kare su. Amma wani binciken Bankin Duniya na 2009 a kan kuɗin dako a Afirka ya nuna illar tsarin: idan layi ne ke ba da lodi, ba ingancin aiki ba, tsohuwar mota da sabuwa daidai suke, babu dalilin sabunta ta. Mai motar da ya daɗe yana jira kuma sai ya rama da lodi fiye da ƙima. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da mota za ta ɗauka, amma an shafe shekaru ana ɗage aiwatar da ita sosai, kwaltar da aka gina don ta yi shekara goma sha biyar sai ta farfashe tun ba ta kai rabi ba. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ya ga sakamakon. Ga kuma motocin da ke komawa bakin teku ba kaya, saboda abin da ƙasar ke shigowa da shi ya fi wanda take fitarwa nauyi nesa ba kusa ba, mai kaya ne ke biyan zuwa da dawowa. Na goron shingaye ba ya buƙatar bayani.

Jirgin ƙasa, wanda ya kamata ya sauke wa kwalta nauyi, har yanzu labari ne. Layin dogon da ya tashi daga Kotonu ya tsaya a Paraku, kilomita 438, tun zamanin Turawa. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, amma bai haɗu da komai ba, bai kuma taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Shari'ar da aka yi a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin ta tsayar da sauran.

Ana ta maganar wasu mafita masu nisa: tayin Maroko na Nuwamban 2023 na ba ƙasashen Sahel hanya zuwa tekun Atlantika, da hanyar Sahara ta Asamaka zuwa tashoshin Aljeriya. Duka suna da amfani a teburin diflomasiyya, domin ƙasar da ke da ƙofa ɗaya kowa na iya rufe ta. Amma ga mai shago a Tasawa, dubban kilomitan hamada ba za su sa buhun siminti ya yi araha ba.

Ga kudancin ƙasar, ƙofa mafi kusa ita ce wadda kakanni suka bi da raƙuma da jakai. Maraɗi na da tazarar kilomita kusan 50 daga Jibiya, Damagaram kuma ta fi kusa da Kano sau uku a kan Yamai. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke gina shi a kan kusan dala biliyan 2 da Najeriya ta ɗauki nauyi. A Janairun 2023 an buɗe tashar sauke kaya ta tudu ta Dala a Kano, wadda aka yi don a riƙa kammala takardun kwantena a can maimakon Legas. A nan ma akwai abin dubawa. Sabon layin mai faɗi ne, kuma irinsa da ya taso daga Legas ya tsaya a Ibadan. Sai an gama na Kaduna zuwa Kano an kuma gina na Ibadan zuwa Abuja kafin tarago ya tashi daga Maraɗi ya kai bakin teku ba tare da an sauke kaya ba. Faɗinsa ma ya bambanta da na Yamai zuwa Doso, wato ko an haɗa su jirgi ɗaya ba zai bi duka biyun ba. Sannan 'yan kasuwar Maraɗi ba su manta da rufe iyakar da Abuja ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, ga matsalar 'yan bindiga a yankin Jibiya da Madarunfa.

Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, kuma ƙungiyar ta ce za a ci gaba da zirga-zirgar mutane da kaya kamar da har zuwa wani sabon mataki. Wannan rangwame ne na wucin gadi, ba yarjejeniya ba. Dokokin da za su tafiyar da kwantenar da ta sauka a Legas ko Lome a kan hanyarta ta zuwa Maraɗi, wane ne zai tsaya mata jingina, sau nawa za a buɗe ta, nawa za a biya, duk suna cikin abin da tattaunawar AES da CEDEAO za ta warware. Tun ƙarshen Maris na 2025 kuma kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashen AES na biyan harajin kashi 0.5 cikin 100. Shi wannan an san adadinsa, an rubuta shi a takarda. Harajin kwanakin da mota ke yi a Kaya tana jiran ayari ya ninka shi sau da yawa, kuma ba ya shiga baitulmalin kowa.